Fitilar Buhun Kawu da Rantsuwar da Na Yi

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kuma ranar wata Talata da hantsi Kawu ya riga mu. Mako biyu ya yi a gadon asibiti. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Soron Ɗinki. Wan mahaifiyata ne, mai gyaran agogo, ya ba saba'in baya da 'yan shekaru. Ba zan kama sunan kowa a rubutun nan ba. Wanda ya san lungun ya san mu.

An zo ta'aziyya, ba laifi. 'Yan kasuwar da ya yi shekara arba'in yana gyara wa agogo sun zo, marina daga Ƙofar Mata sun zo da hannayensu da shuɗin baba ya rine, har da wani dattijo cikin jikokin Larabawan nan na cikin gari, an riƙo hannunsa saboda tsufa, yana ta cewa agogon bangon kakansa ya rasa likita. Amma abin da na lura da shi daban ne. Duk wanda ya zo sai ya miƙa wa Yaya hannu, wato babban ɗan Kawu, ya ce masa "ya haƙuri" a tsaitsaye, sannan ya tsallako wurina ya zauna ya baje. Wani marini ma bai ɓoye ba. Ya dafa gwiwata ya ce, "Malam, kai ne ɗan da marigayi ya haifa. Ranar da aka so a kunyata shi a kan fitilarsa, kai ka tsaya masa." Da ƙarfi ya faɗa, yadda Yaya zai ji. Yaya ya ji, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, maganar ta yi mini daɗi.

Da aka idar da sallar magariba babu wuta a unguwa, kamar kullum. Sai wani ya ce a kunna fitilar marigayi mana, a yi masa addu'a a ƙarƙashinta. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, ga yadda take. A cikin soron gidan Kawu ya rataye wani babban akwatin katako a jikin azara. Igiya ta sauko daga akwatin, a bakinta an ɗaure buhun yashi mai nauyin kilo ashirin. Sai ka ɗaga buhun sama har ya kusa taɓa akwatin, ka sake shi. Ba ya faɗowa tim. A hankali yake saukowa, don igiyar tana juya wilin keke a cikin akwatin, wilin yana juya wasu 'yan tayoyin agogo masu haƙora, su kuma suna juya dainamo, ɗan injin nan da ke ba fitilar keke wuta. Minti ashirin buhun yake yi kafin ya taɓa ƙasa, kuma duk tsawon lokacin ƙwan fitila huɗu suna haska soron tas, ko ƙaya ce a ƙafarka za ka zare.

Ni na ɗaga buhun, don ni aka sani da ita bayan mai ita. Ya fara saukowa da 'yar ƙararsa. Ƙwai ɗaya ya ɗan kawo haske, bai fi na ashana ba, sauran ukun ko alama. Can wani tsoho ya ce, "Allahu akbar, ita ma ta san mai ita ya tafi." Wasu suka fara share hawaye. Na ce musu wata waya ce ta saki, gobe zan duba.

Washegari da sassafe, kafin a fara taruwa, na taka turmi na sauko da akwatin. Shekara biyar ina kawo ɗalibaina su ga fitilar nan, ban taɓa kwance ta ba. A gidanmu yaro ba ya buɗe akwatin babba, ko da yaron ya kai arba'in yana koyar da kimiyya a sakandare. Na cire murfin, ga wili, ga tayoyi, ga dainamo. Sai na ga katakon ƙasan akwatin ya yi kauri da yawa. Na sa sukuddireba na ɗaga shi. A ƙarƙashinsa ga batir, irin shuɗayen nan na cikin kwamfutar hannu, guda uku an naɗe su da salatif. An haɗa su da wani ɗan makunni, da zarar igiya ta ɗauki nauyi sai ta danna shi. Ƙwai ɗaya ne kawai yake shan wuta daga buhu. Sauran ukun batir ke ci da su, shi kuma ya ƙare, don mako biyu ana ta kunna fitilar mai ita yana asibiti.

Na zauna a kan turmin na daɗe. A kan fitilar nan na rantse da Allah a gaban liman da mai unguwa cewa babu batir a cikinta. A kanta na kira Yaya mahassadi, shi da yake taubashina kuma abokina tun muna yara, muka yi shekara biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na zura batirin a aljihu, na mayar da akwatin, na fita na ci gaba da karɓar gaisuwa. Abu ɗaya ne a raina: Yaya ne mai gaskiya, kuma sai na wanke shi, ko Allah zai sa ya dawo mini.

Amma bari in faɗi wane ne Kawu, don ba tonon asiri kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ba na so a manta da shi, duk da abin da ya yi mini.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, idan ya zauna a ciki to baƙo sai dai ya tsaya a waje. Kullum da gilashin ido ɗaya a maƙale a goshinsa, har yakan manta ya shiga sahu da shi. Idan ka kawo masa agogo ka ce ya tsaya haka kawai, sai ya ce, "Agogo ba ya tsayawa haka kawai, wani ne ya yi masa laifi." Sai ya zuba maka ido bai ƙara cewa komai ba, har sai ka amsa da bakinka cewa ka yi alwala da shi, ko yaro ya buga shi da ƙasa. Na ga alhazai masu manyan riguna suna sosa ƙeya a gabansa. Da waya ta cika gari mutane suka daina ɗaura agogo, sana'ar ta ja baya, amma bai taɓa rufe shagon ba ko na yini ɗaya. Waya kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Cewa yake yi tana faɗar lokaci ne kawai, ba ta san yadda ake yin sa ba.

Akwai wani maƙwabcinsa tsoho da idonsa ya tafi, yana da agogon bango irin na da, mai ƙarafa biyu masu nauyi a rataye da sarƙa. Nauyin ƙarafan ne yake tafiyar da agogon, suna saukowa kaɗan-kaɗan, idan sun kai ƙasa sai ya tsaya. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu zai shiga gidan ya ja ƙarafan sama, don kawai tsohon ya riƙa jin bugun agogonsa. Ya fi shekara goma yana yi, har tsohon ya rasu, kuma ba mu sani ba sai da matar gidan ta faɗa. A ɗakin tsohon nan tunanin fitila ya zo masa. Ya ce idan ƙarfe yana saukowa ya juya hannun agogo har mako guda, me zai hana wani nauyin ya kawo haske?

Ni kuwa tun rasuwar mahaifina shi ya riƙe ni. Ni yake ɗauka a keke, ni yake yabo a gaban mutane, idan na ci jarrabawa sai ya bi shaguna yana faɗa. Yaya bai taɓa samun wannan ba, kuma ba wanda ya ga laifin Kawu, don ɗan fari ne. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba. Ba sa zama tabarma ɗaya, ba sa haɗa ido. Idan Yaya ya shigo gaisuwa, daga bakin ƙofa zai durƙusa, Kawu ya amsa yana kallon wani wuri. Da Yaya ya yi aure ya buɗe shagon sola da gyaran wuta a Ƙofar Na'isa, sai Kawu ya koma ce masa "mutumin Ƙofar Na'isa". Ni da Yaya kuwa wasa ne tsakaninmu ba ƙaƙƙautawa. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka ko a gaban ɗalibaina ya gan ni sai ya ce, "Bawana, zo ka ɗaukar mini jaka." Ni kuma in ce bari in ga ko wuta ta bar masa sauran gashi a ka.

Fitilar farko da dutsen niƙan Iya aka gwada ta, wato matar Kawu. Ta fita unguwa ta dawo ta tarar da dutsenta yana lilo a saman soro.

"Malam, dutsen da uwata ta kawo ni da shi gidan nan?"

"Aro na yi, ai ba cinyewa zan yi ba."

Bai rufe baki ba igiyar ta tsinke. Dutsen ya faɗo ya rabu biyu, ya haɗa da randar da ke gefe. Kwana uku Iya tana aiko masa da tuwo ba man shanu, kuma ba ta ce masa uffan ba. Ya je kasuwar Kurmi ya sayo sabo, ta ce sabon dutse tsakuwa yake zubawa a gari, ya ajiye abinsa. Tun daga ranar ya koma buhun yashi, yaran unguwa kuma suka laƙaba masa Malam Buhu.

Ina nan ranar da fitilar ta fara kamawa. Ƙwai ɗaya ne a lokacin, haskensa ɗan kaɗan, idan ka matso da littafi kusa za ka karanta shafi. Kawu ya yi ta dariya kamar yaro. Ya kama hannuna ya ɗora a kan igiyar ya ce, "Ka ji? Ƙarfinka ne yake saukowa. Idan kana son haske sosai, sake shi da sauri, amma ba zai daɗe ba. Idan kana son ya daɗe, sai ka haƙura da haske kaɗan. Buhu ba zai ba ka abin da ƙwanjinka bai zuba masa ba." Na yi shekaru ina maimaita wa ɗalibai wannan maganar a aji, don ta fi abin da ke cikin littafinsu fita. Kuma nan ne abin yake ci mini rai. Babu wanda ya fi Kawu sanin iyakar buhunsa.

Sai dai unguwa ba ta ga abin burgewa ba. Masu shigowa su leƙa su ce, "Shi ke nan hasken? Ai tocilan da ake sayarwa a bakin titi ta fi ta." Wani ya ce wannan ai motsa jiki ne Malam ya ƙirƙiro, haske kyauta ne aka ɗora a kai. Kawu yana taya su dariya, amma na san abin yana cinsa. Mutumin da alhazai ke sosa ƙeya a gabansa ya koma abin wasan yara. Ya rufe soron wata guda, ba mai shiga. Da ya buɗe, ƙwai huɗu ne, suna haska har bakin ƙofa. Ya ce mini tayoyin ya canja, kuma ya sake naɗa wayar dainamon da hannunsa. Na yarda. Lissafin da zai nuna mini gaskiya ina rubuta shi a allo kowace shekara, bai fi layi biyu ba, amma ban taɓa ɗora shi a kan maganar Kawu ba. A ganina rashin kunya ne.

Labari ya kai masallacin unguwa, inda ake karatu tsakanin magariba da isha'i, kuma yawanci cikin duhu ake yi. Wata ranar Asabar liman da mai unguwa da dattawa suka zo gani, ko za a yi wa masallaci irinta. Soro ya cika. Aka ɗaga buhu, haske ya kawo, aka yi ta kabbara. Yaya yana can bakin ƙofa a rakuɓe. Sai liman ya juya ya ce masa, "Kai da wuta ce sana'arka, me ka gani?"

Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, aiki ya yi kyau."

"Ba kyau na tambaye ka ba. Masallaci za a kai. Za ta yi ko ba za ta yi ba?"

Aka sake matsa masa. Sai ya ce, kansa a ƙasa, "Kilo ashirin ne, yana saukowa mita biyu cikin minti ashirin. Ko ba a yi asarar komai a hanya ba, abin da zai bayar bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wat ɗaya a ma'aunin wuta ba. Hasken nan kuwa ya kai wat uku. Sai an rataya buhu goma. Ni dai ban san abin da ke cikin akwatin ba, amma ba buhun nan kaɗai ke aiki ba."

Ɗan fari ya ƙaryata ubansa a gaban dattawa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Wallahi tallahi babu batir a cikin fitilar nan! Ni malamin kimiyya ne, a gabana aka fara ta." Ban tsaya nan ba. Na nuna Yaya da yatsa na ce hassada ce, yana tsoron kada sola ta daina ciniki, kuma wanda bai iya taya ubansa murna ba bai kamata ya buɗe baki a cikin mutane ba. Aka ce a yi haƙuri, aka ba ni gaskiya. Yaya ya sa takalminsa ya fita.

Na juya na dubi Kawu. Yana zaune yana kallon tabarma, bai ce komai ba. A lokacin na ɗauka dattaku ne. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tsayar da ni, ko ya ja gefen rigata, amma ya bar ni na kai ƙarshen rantsuwar. Bayan kwana biyu ya aika wa liman cewa fitilar ba ta gama nuna ba, a dakata da maganar masallaci. Mutane suka ce zuciya ya yi saboda abin da ɗansa ya yi masa.

Daga ranar wasa ya mutu tsakanina da Yaya. Idan mun haɗu a suna ko biki, "ina wuni" ce da "lafiya lau". Unguwa kuma ta riƙe masa abin. Akwai waɗanda suka daina kai masa aiki, akwai waɗanda idan ya wuce sai su ce ga wanda ya tozarta ubansa. Yana zuwa gaida Iya duk Alhamis da safe, ya durƙusa wa Kawu daga bakin ƙofa, Kawu ya amsa yana kallon wani wuri. Haka suke tun fil'azal, amma ni sai na fassara shi da cewa Kawu bai huce ba, har ina jin daɗi.

Ranar da aka yi sadakar uku, bayan an watse, na hau babur na tafi Ƙofar Na'isa. Na tarar da shi shi kaɗai a shago yana kwance wata fanka. Na yi sallama, na ciro batirin na ajiye a kan teburinsa. Na shirya magana mai tsawo a hanya, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Yaya, kai ne mai gaskiya. Ka yafe mini."

Ya dubi batirin, bai ko taɓa shi ba. Ya jawo durowa. A ciki ga wani irinsa sak, guda uku a naɗe da salatif iri ɗaya.

"Wannan ne na canji," in ji shi. "Na yi masa caji, sai aka kwantar da Baba, hankalina bai koma kai ba."

Na ce, "Ban gane ba."

"Duk Alhamis nake canja masa. Na farkon shi ya haɗa abinsa, a wata tsohuwar kwamfuta ya ciro, ni ban sani ba. Kwana uku da rantsuwarka sai ga shi a nan, a inda kake tsaye. Tun da na buɗe shagon nan bai taɓa takowa ba sai ranar. Bai dube ni ba, bango ya duba. Ya ce, ka faɗi gaskiya, ni na yi kuskure. Amma yaron nan ya rantse da Allah a kaina a gaban mutane, kuma malami ne, da bakinsa yake cin abinci. Idan fitilar nan ta dushe, shi ya zama maƙaryaci. Ka taimake ni kada ta dushe."

"Kai kuma ka yarda? Ana zaginka a gari?"

"Ubana ne. Bai taɓa roƙona komai ba sai wannan." Ya mayar da durowar ya rufe. "Har wajen wani malami ya je a can bayan gari, inda ba a san shi ba, ya tambaya ko kana da zunubi. Aka ce masa wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani da shi gaskiya ne, babu komai a kansa. Ranar ya samu barci."

Wato Kawu ya iya hawa mota ya tsallaka gari ya tambayi baƙo hukuncin rantsuwata, amma bai iya ce mini zo nan ba, ni da nake zuwa gidansa kusan kullum. Shekara biyar ina tsayawa a soron nan da yara talatin-talatin ina nuna musu ƙarya da sunan kimiyya, yana zaune a gefe yana gyaɗa kai. Wasu cikinsu suna jami'a yanzu. Shekara biyar ina ɗauke kai idan na ga Yaya, su biyun kuma sun san komai, suna lallaɓa ni kamar mara lafiya. An ce don a rufa mini asiri aka yi. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son irin wannan rufin. Na ji an ci amanata, kuma har yanzu da nake rubutun nan haka nake ji.

Na ce wa Yaya zan faɗa wa mutane. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

"Kada ka soma. Shekara biyar na riƙe, kai ba za ka iya riƙe mako ɗaya ba? An riga an zage ni, ya wuce. Ka bar shi ya kwanta da mutuncinsa."

Na fita na hau babur na koma gida.

Ranar sadakar bakwai aka sake cika soron, kusan mutanen da suka taru waccan Asabar ɗin, sai waɗanda suka riga mu. Aka yi addu'a aka shafa. Sai liman ya gyara murya ya ce yana da shawara. Tunda marigayi ya so fitilarsa ta shiga masallaci Allah bai nufa ba, to a cika masa burinsa, a kai ta ta zama sadaka mai gudana a gare shi. Ya dube ni ya ce, "Kai ka san kanta, kai ka shaide ta. Ka gyara ta ka kafa mana." Aka ce madalla. Marinin nan ya ƙara da cewa, "Wasu kuma sai su ji kunya," yana harar inda Yaya yake.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in karɓi batir a hannun Yaya duk Alhamis in shiga da shi ɗakin Allah a ɓoye, ko in buɗe baki. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai batir a cikinta. Ni na ciro shi da hannuna ranar Laraba. Buhun yana aiki, amma ƙwai ɗaya kawai yake iya riƙewa, shi ne wanda kuka gani ranar rasuwa. Yaya bai yi ƙarya ba. Ni na rantse a kan abin da ban buɗe ba, kuma ni na zage shi a nan wurin. Ina so ku ji na janye."

Daga cikin gida na ji an saki kwano a ƙasa, ashe matan suna ji ta bayan ƙofa. Liman ya shafa gemu, sannan ya ce, "Malam, mamaci rufa masa asiri ake yi."

Na ce, "Na sani. Amma wancan yana raye, kuma shekara biyar ana ce masa mahassadi."

Na juya don in ga fuskar Yaya. Yana sa takalmi. Bai yi wa kowa sallama ba.

Yau wata biyu ke nan. Mahaifiyata ta ce na tozarta wanta tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, idan na je gaishe ta da ka take amsawa. Iya tana takaba, na shiga sau ɗaya ta juya mini baya. A unguwa an daina zagin Yaya, wannan kam na samu. Marinin ma an ce ya kai masa gyaran fanka. Sai dai yaran da suka daina cewa Malam Buhu sun samo wa marigayi wani sunan, ba zan rubuta shi ba. Ɗalibaina na gaya musu da kaina, na rubuta lissafin a allo, layi biyu, na ce su gwada shi a kan maganar kowa, har tawa.

Makon jiya na sake komawa Ƙofar Na'isa. Na tsaya a bakin shagon na ce, "Ina ubangidan nawa? Ga bawanka ya zo ɗaukar jaka." Yaya ya miƙe tsaye, ya jawo mini kujera ya kakkaɓe ta, yadda yake yi wa masu kawo gyara.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Me za a yi maka?"

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da alherin riƙon da ya yi mini da Juma'o'in da ya yi wa makahon maƙwabcinsa. Wannan addu'ar da zuciya ɗaya nake yin ta. Amma ya tafi ya bar mu mu biyu da abin da shi ya kamata ya faɗa da bakinsa. Na zauna a kujerar nan kusan rabin awa, Yaya yana ta aikinsa, sannan na yi masa sai an jima na tafi.